CIWON DAJIN HANJI A KORIYA TA KUDU: LAIFIN GADO NE KO NA CIMAKA?

Ƙididdigar da hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon na ƙasar Faransa, ta yi game da shekarar 2012 ta nuna wani al'amari da ya tayar wa likitocin Koriya ta Kudu hankali. A wannan shekara babu wata ƙasa a duniya da ta kai Koriya yawan masu kamuwa da ciwon dajin babban hanji da dubura, domin kuwa a cikin kowane mutum 100,000 an sami sababbin majinyata kimanin 45. Da aka sake ƙididdigar game da shekarar 2018, ƙasar Hungari ce kaɗai ta sha gabanta.

Abin da ya sa labarin ya zama abin mamaki shi ne, tun da daɗewa ana ɗaukar wannan ciwo cutar Turawa ce, ta mutanen Amurka da Ingila da makamantansu. Mutanen Koriya kuwa, abin da aka san ya fi addabarsu shi ne ciwon dajin tumbi da na hanta. Cikin 1999, shekarar da rajistar masu ciwon daji ta game ƙasar duka, waɗanda aka samu da na hanji ba su kai 10,000 ba, amma cikin 2021 sun haura 30,000. Har ila yau, wani nazari da aka buga cikin 2019, wanda ya kwatanta ƙasashe 42, ya nuna cewa a tsakanin masu shekara 20 zuwa 49 Koriya ce kan gaba, da mutum kusan 13 cikin 100,000.

Ganin haka sai masana suka shiga tambaya. Shin akwai wani abu ne a jinin mutanen Koriya wanda ya sa ciwon ya fi saurin kama su, ko kuwa sakewar zamani ce ta jawo musu? Amsar da binciken shekaru talatin ya bayar ita ce, kowane ɗayansu yana da hannu, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Sakewar zamani ita ta kawo yawan ciwon, gado kuwa shi ke zaɓen wanda abin zai fi faɗa wa.

YADDA CIWON KE FARAWA

Babban hanji shi ne sashen ƙarshe na hanyar abinci a cikin ɗan Adam, tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi, aikinsa kuwa tsotse ruwa daga ragowar abinci kafin ta fita. Bangonsa na ciki shimfiɗe yake da ƙwayoyin jiki waɗanda ba su daɗewa. Cikin 'yan kwanaki suke mutuwa, sababbi su maye gurbinsu. To, duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi dukan umarnin da ke cikinta, kuma kamar yadda magatakarda yakan yi tuntuɓen alƙalami, haka ita ma takan yi kuskure. In kurakurai suka taru a wuraren da ke tsare yawan hayayyafar ƙwayoyin, sai wani ɗan tsiro ya fito a bangon hanji. Galibin irin wannan tsiro ba ya zama kome, amma waɗansu, bayan shekara goma ko fiye, sukan rikiɗe su zama ciwon daji. Wannan jinkiri shi ne rahamar da ke cikin al'amarin, domin in aka ga tsiron da wuri aka cire shi, magana ta ƙare.

Shi wannan umarni da ake kwafa, masana suna kiransa DNA. Rubutu ne mai haruffa iri huɗu kacal, amma yawansu ya kai miliyan 3,000. An ɗaure su dami-dami har dami 23, kowane dami kuwa biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikinsu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kowace da aikin da take umarta. In aka ɗauki mutum biyu aka gwada rubutunsu, za a tarar sun saɓa a wajen harafi ɗaya cikin kowane 1,000. Wannan ɗan saɓani yana cikin abin da ke sa wani dogo wani gajere, yana kuma cikin abin da ke sa cuta ta kama wani ta bar maƙwabcinsa alhali tuwonsu ɗaya.

Domin a auna ƙarfin gado, masana sun bi tarihin tagwaye kusan 45,000, biyu-biyu, a ƙasashen Suwidin da Denmak da Finlan. Sakamakon da suka buga cikin 2000 ya nuna cewa kimanin kashi 35 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da ciwon dajin hanji daga gado yake. Ragowar, watau kusan kashi biyu cikin uku, daga abinci ne da abin sha da sauran abubuwan da mutum ke gamuwa da su a zamansa na duniya.

GIDAJEN DA CIWON YA AURA

Gadon nan iri biyu ne. Na farko shi ne mai ƙarfi, wanda kuskure ɗaya tak a ƙwayar gado ɗaya ya isa ya sa ciwon ya riƙa bin zuriya daga kaka zuwa jika. Akwai wata ƙwayar gado a dami na 5 wadda ake kira APC, an gano ta cikin 1991. Wanda ya gaji lalatacciyarta, tun yana saurayi hanjinsa ke cika da tsiro ɗaruruwa ko dubbai, in kuwa ba a yi masa aiki aka cire hanjin ba, da wuya ya wuce shekara arba'in da 'yan kai ciwon bai kama shi ba. Masu wannan larura ba su kai ɗaya cikin 100 na majinyata ba.

Wadda ta fi ta yawa ita ce larurar da aka sa wa sunan Dokta Henry Lynch, wani likitan Amurka da ya bayyana ta cikin 1966. A jikin ɗan Adam akwai ƙwayoyin gado da aikinsu ya yi kama da na mai duba kuskure a ɗakin buga jarida: suna bin sabon kwafi suna gyara inda harafi ya goce. An gano biyu daga cikinsu, MSH2 cikin 1993 da MLH1 cikin 1994. In mutum ya gaji ɗayansu a lalace, kurakurai kan taru da sauri, ciwon ya zo masa tun da sauran ƙuruciya, mata kuma har da na mahaifa. Kimanin majinyata uku cikin 100 ta wannan hanya suke kamuwa. A duka larurorin biyu, kowane ɗa da mai ita ya haifa yana tsakanin gada da kuɓuta, rabi da rabi.

Likitocin Koriya ba su yi sanyin jiki ba game da wannan. Tun farkon shekarun 1990 Shehun Malami Park Jae-gahb, likitan fiɗa a Jami'ar Ƙasa ta birnin Seoul, ya kafa rajistar gidajen da ciwon ya aura, inda ake rubuta majinyaci da iyayensa da 'yan'uwansa, a gwada jininsu, a riƙa kiransu asibiti a kai a kai. Shi ne kuma ya zama shugaban farko na Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa da aka kafa a garin Goyang cikin 2000. Ta wannan rajista aka gane cewa a gidajen Koriya lalacewar MLH1 ta fi ta MSH2 yawa. An kuma tarar da wani kuskure guda, ƙarin harafi ɗaya a cikin MLH1, ya maimaitu a gidaje da dama waɗanda ba su san juna ba, alamar dukansu daga kaka ɗaya suka ɗauko shi, wanda ya rayu can da daɗewa ba wanda ya san sunansa.

ƘANANAN BAMBANCE-BAMBANCE

Amma in aka haɗa irin waɗannan gidaje duka, ba su wuce kimanin kashi biyar cikin 100 na majinyata ba. Sauran gadon yana warwatse ne cikin ƙananan bambance-bambancen haruffa waɗanda kowane mutum ke ɗauke da waɗansunsu. Kowane ɗaya ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai, sai sun taru da yawa a jikin mutum ɗaya sa'an nan su yi nauyi, kamar dai yadda da yayyafi kogi ke cika.

Hanyar gano su ita ce a tara dubban majinyata da dubban masu lafiya, a gwada rubutunsu wuri-wuri, a ga harafin da ya fi yawa a wajen majinyata. Cikin 2007 aka fara dacewa, aka sami wani wuri a dami na 8 inda harafi ɗaya ke ƙara haɗarin ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Abin lura a nan shi ne, wannan harafi ya fi yawa a tsakanin Turawa bisa ga mutanen gabashin Asiya, ya kuma fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, inda ƙididdiga ke nuna ciwon bai yi yawa ba. Da a ce harafi kaɗai ke yanke hukunci, da ba Koriya ce za ta hau kan gaba ba.

Sai dai galibin binciken farko a kan Turawa aka yi shi, abin da aka samu a wurinsu kuwa ba lalle ne ya dace da kowa ba. Don haka masanan Sin da Japan da Koriya suka haɗa kai, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka tara nasu mutanen. Daga Koriya, asibitin jami'a da ke garin Hwasun da kuma cibiyar nan ta Goyang suna cikin waɗanda suka ba da majinyata. Cikin 2013 suka gano sababbin wurare uku. Cikin 2014, bayan sun gwada majinyata kusan 15,000 da masu lafiya kusan 32,000, suka ƙara shida, ɗaya yana cikin wata ƙwayar gado da aka riga aka san ta da ciwon sukari, wani kuma yana kusa da masu sarrafa maiƙo a jiki. Cikin 2023 wani babban nazari da ya haɗa majinyata fiye da 100,000, Turawa da mutanen gabashin Asiya, ya kai adadin irin waɗannan wurare sama da 200.

Gwamnatin Koriya ma ta sa hannu. Tun 2001 hukumar lafiya ta ƙasar ta fara bin lafiyar jama'a a garuruwan Ansan da Anseong, daga baya aikin ya faɗaɗa har ya haɗa mutum fiye da 200,000. Cikin 2009 aka fara karance rubutun gadon ɗan Koriya daga farko har ƙarshe. Daga bisani aka ƙera wani ma'auni na musamman mai duba wurare fiye da 800,000, waɗanda aka zaɓa bisa ga abin da ya fi yawa a jinin mutanen ƙasar, domin ma'aunan da ake sayowa daga waje da Turawa aka auna su.

ABIN DA YA SAKE

Duk da wannan ƙoƙari, akwai gaskiya ɗaya da ba ta da makawa. Rubutun gadon al'umma ba ya sakewa cikin shekara arba'in. Jinin da ke jikin ɗan kasuwar Seoul na yau shi ne ke jikin kakansa manomin shinkafa. Abin da ya sake shi ne zaman duniya.

Lokacin da yaƙin Koriya ya ƙare cikin 1953, ƙasar tana cikin mafiya talauci a duniya. Cikin 1970 mutum ɗaya yakan ci shinkafa kilo 136 a shekara, nama kuwa kimanin kilo 5 kacal. Sauran cimakarsa ganye ne da wake da kifi da sha'ir. Cikin 2022 shinkafar ta sauko ƙasa da kilo 60, naman alade da na shanu da na kaji kuma ya kai kusan kilo 60, har ya zarce shinkafar. Jama'a sun bar gona sun koma ofis da masana'anta, zama ya yi yawa, ƙiba ta ƙaru. Bugu da ƙari, tsawon rai ya tashi daga shekara 62 cikin 1970 zuwa sama da 83, shi kuwa wannan ciwo ya fi son tsofaffi. Yawan gwaji ma ya taimaka wajen ɗaga adadin, domin abin da a da ake mutuwa da shi ba a sani ba, yanzu ana ganinsa a rubuta.

Ba a Koriya aka fara ganin irin wannan ba. Tun cikin shekarun 1960 masana suka lura cewa mutanen Japan da suka yi ƙaura zuwa tsibirin Hawayi da sauran sassan Amurka, ba da jimawa ba ciwon hanji ya yi yawa a cikinsu kamar na Turawan da suka tarar, alhali danginsu na gida suna nan da sauƙinsa. Cikin 2015 hukumar nan ta Lyon ta tabbatar cewa naman da aka sarrafa, irin su tsiran alade da naman gwangwani, yana jawo ciwon dajin hanji, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. Jan nama kuwa ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo shi. Giya ma tun 2007 aka tabbatar da nata laifin.

INDA GADO DA CIMAKA SUKA HAƊU

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Misalai biyu daga Koriya sun nuna yadda tsaguwar ke zuwa daga gado, ƙadangaren kuma daga akushi.

Na farko ya shafi giya. In mutum ya sha ta, hanta takan mai da ita wata guba tukuna, sa'an nan wani sinadari da ƙwayar gado ALDH2 ke umartar yinsa ya kashe gubar. Kimanin mutum uku cikin goma a Koriya sun gaji wannan ƙwaya da rauni, abin da kusan babu shi a tsakanin Turawa da mutanen Afirka. Alamarsa ita ce da an kurɓa kaɗan fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa. Cikin 2009 hukumar Lyon ta sa wannan guba cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Wanda ya gaji raunin daga iyaye biyu ba ya iya shan giya sam, da yawa daga masu rabin raunin su ma sukan guje ta, saboda haka raunin ya zame musu garkuwa. Amma a Koriya akwai al'adar liyafar ma'aikata bayan an tashi daga aiki, inda ake shan giyarsu da ake kira soju, kuma yana da wuya ƙarami ya mai da kofin da babba ya miƙo masa. Wanda ya daure ya saba da sha alhali yana da raunin, gubar takan taru a jikinsa ninkin ba ninkin. An fi tabbatar da ɓarnar wannan a ciwon dajin bututun abinci, masana kuma suna bin sawunsa a hanji. Harafi ɗaya ne, amma ga wani kariya, ga wani masifa, gwargwadon abin da ya zuba wa cikinsa.

Na biyu ya shafi nama. Akwai wata ƙwayar gado, NAT2, wadda aka fara gane bambancinta ta wajen maganin tarin fuka, da aka ga jikin waɗansu yana sarrafa shi da sauri, na waɗansu a hankali. Wajen rabin Turawa masu jinkiri ne, amma a Koriya da Japan masu jinkiri ba su wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. To, naman da aka gasa a wuta mai zafi har ya babbake yakan fitar da waɗansu sinadarai, ita kuwa NAT2 tana cikin masu mai da su abin da ke iya ɓata DNA. Gasa nama a kan garwashi a tsakiyar tebur kuwa ya zama babban abin marmari a Koriya ta yau. Nazarin da aka yi a kan mutanen Japan ya nuna haɗarin yawan cin nama ya fi tsanani ga masu saurin, waɗansu nazarce-nazarcen da aka yi a kan Turawa kuwa ba su ga haka ba, don haka masana ba su rufe wannan babi ba tukuna.

AMFANIN SANI

Ba wanda ke iya sake abin da ya gada, saboda haka amfanin wannan ilmi shi ne a san wanda za a fara dubawa, da lokacin da za a fara. Cikin 2004 gwamnatin Koriya ta shigar da ciwon hanji cikin shirinta na gwajin jama'a: duk mai shekara 50 ko fiye a gwada bayan gidansa kowace shekara don neman ɓoyayyen jini, in an gani a leƙa hanjinsa da wani siririn bututu mai fitila da kyamara, wanda ke iya cire tsiro nan take. Sakamako kuwa ya bayyana. A farkon shekarun 1990, waɗanda ke kai shekara biyar a raye bayan an gano ciwon sun ɗara rabi kaɗan; cikin shekarun 2010 sun haura 70 cikin 100. Daga wajen 2012 ma, in aka daidaita lissafi da yawan tsofaffi, sai aka ga yawan sababbin masu kamuwa ya ja da baya na 'yan shekaru.

Matsalar da ta rage ita ce ta matasa, waɗanda shekarunsu ba su kai na gwaji ba. A nan ne sanin gado ke ceton rai. Mai larurar Lynch, likitoci suna son a fara leƙa hanjinsa tun yana da shekara 20 zuwa 25, a riƙa maimaitawa kowace shekara ɗaya ko biyu. Ɗan gidan masu lalatacciyar APC kuwa tun yana da shekara 10 zuwa 12. Ƙananan bambance-bambancen nan ma ana ƙoƙarin tara su a fitar wa kowane mutum da ma'aunin haɗarinsa, amma ma'aunin da aka gina da jinin Turawa yakan rage kaifi in an kai shi wata al'umma, dalilin da ya sa Koriya ta dage sai ta gina nata ke nan.

Sani kuma yana da nasa haɗari, domin wanda aka san yana ɗauke da larura ana iya hana shi aiki ko inshora. Don haka dokar da ta fara aiki a Koriya cikin 2005 ta haramta nuna wa mutum bambanci a makaranta ko wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma ko inshora saboda abin da aka gani a rubutun gadonsa. Ba don irin wannan kariya ba, da mutane da yawa sun gwammace su zauna cikin duhu.

Darasin bai tsaya a Koriya ba. Wani lissafi da aka yi cikin 2016 ya nuna cewa wajen kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi uku kacal. Cikin 2021 likitocin Ile-Ife da takwarorinsu na birnin New York suka nuna cewa kurakuran da ake samu a cikin ciwon hanjin majinyatan Nijeriya sun saɓa da na majinyatan Amurka, kuma galibinsu sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti. Al'ummar da ba ta auna kanta ba, da ma'aunin wani za a auna ta.

Kafin a kai ga haka, akwai gwajin gado da ba ya bukatar na'ura ko kwabo, watau mutum ya san abin da ya kashe iyayensa da kakanninsa. Wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai wajen ninki biyu na sauran jama'a, ya kamata ya shaida wa likita tun yana da lafiya. Wanda kuma ya ga jini a bayan gidansa, ko fitarsa ta sake na makonni, ko yana ramewa ba dalili, kada ya yanke wa kansa hukunci cewa basir ne ya tsaya ga jiƙe-jiƙe. Tsiron da ke ɗaukar shekara goma kafin ya rikiɗe ya ba da isasshen lokaci ga wanda ya je aka duba shi.